Darasin Ayarin Gwanja Ga Masu Safarar Kaya

Tambayar da za mu duba a yau ita ce: me ke sa wani mai safarar kaya ya tsere wa tsara, wani kuwa ya durƙushe? Amsarta ta girmi mota da jirgi, gama fataken Gwanja sun san ta tun ƙarni na 19.

A zamanin nan Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe fataucin goro. Ayari kan tashi daga Kano da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, ya haye Kwara ta wajen Yawuri, ya ratsa Bargu, har ya sauka Salaga bayan watanni. Abu uku ne suka bambanta ayarin da ya ci riba da wanda ya komo da asara.

Na farko shi ne tsari. Madugu ke da shugabanci, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki kuwa yana tattara abin da za a biya sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. Madugun da ya san kowane mashigi da kowane sarki, kuɗin fitonsa kan yi sauƙi, saboda haka fatake ke rububin bin sa. Ai hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Na biyu shi ne kula da kaya. Goro ba ya haƙuri da zafi, sai an naɗe shi da ganye, ana yayyafa ruwa, ana kwance huhu a hanya a tsince wanda ya ɓaci. Wanda ya yi sakaci da wannan, ko ya riga kowa isowa, ruɓaɓɓe zai sauke.

Na uku shi ne amana. A kowane zango akwai fatoma mai saukar da baƙi, ya adana kaya, ya nemo dillali, ya tsaya wa mai karɓar bashi. Abner Cohen ya tarar da irin wannan tsari a Sabon Ibadan, ya bayyana shi a littafinsa na 1969.

Amma duk waɗannan ba su hana hanya mutuwa ba. Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, yaƙin basasa ya wargaza Salaga a 1892, sannan layin dogo ya iso Kano a 1911. Waɗanda suka nace wa jaki sun gushe. Alhassan Ɗantata kuwa, wanda ya rasu a 1955, ya ɗora goronsa a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga baya ya juya ga gyaɗa, ya zama hamshaƙin attajiri.

Saboda haka, jama'a, jarin mai safara na haƙiƙa shi ne sanin hanya, da cika alkawari, da gane ranar da ya kamata a sake hanyar. Kamfanin da ya tara manyan motoci ya rasa waɗannan, ayari ne ba madugu.