Janairu 2015: wa ya yi magana da yawun wa?

Ƴan uwana ɗalibai, da yawanmu muna yara lokacin da abin ga ya faru, don haka bari mu fara jera kwanakin kafin mu shiga gardama.

Ranar 7 ga Janairu 2015 aka kai hari ofishin jaridar Charlie Hebdo a birnin Paris, aka kashe mutum 12. Ranar 11 aka yi babban jerin gwano a can, shugaban ƙasarmu na lokacin, Mahamadou Issoufou, yana cikin shugabannin da suka halarta. Ranar 14 jaridar ta sake fitowa da zanen Annabi (SAW) a bangonta. Ranar Juma'a 16, bayan an sauko daga masallaci, Damagaram ta kama wuta: an ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, an ƙona majami'u, Kiristoci da dama suka nemi mafaka a barikin soja. Washegari Asabar wutar ta isa Yamai. A lissafin hukuma mutum 10 suka mutu, 5 a Damagaram, 5 a Yamai, kuma ƴan sanda sun ce majami'u 45 aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai. Aka yi makokin ƙasa na kwana 3.

Ni da nike karatun harshe, wata ƴar kalma ce ta tsaya mini a rai: "mu". A nahawu muna ce mata wakilin suna, kuma sunan ya dace da ita. Shugaban ƙasa ya ce dukanmu Charlie ne. A kunnen Bafaranshe, wannan jaje ne ga waɗanda aka kashe. Amma a Hausa, in ka ce "ni ne wane", ka ɗauki kayansa ka aza bisa kanka ke nan. Jaje muna da kalmominsa daban. Da maganar ta sauko majalisun shayi da tashoshin kabu-kabu, abin da aka ji shi ne an sa mu cikin masu zanen ba a tambaye mu ba. Daga baya shugaban ya bayyana cewa ta'addanci ya je yin tir da shi, gwamnati kuma ta hana sayar da jaridar a ƙasa. Sai dai fassara ta riga bayani isa kasuwa.

To, masu ƙone-ƙonen ma da "mu" suka fito: mu Musulmi, an taɓa mu. Wa ya zaɓe su? Makwabcin da aka ƙona wa majami'a bai zana komi ba, bai ma san hanyar Paris ba. A ranakun nan kuwa akwai Musulmin da suka ɓoye Kiristoci cikin gidajensu. Su ma "mu" ne, amma muryarsu ba ta kai ta mai ashana ba.

Kada mu manta itacen ya daɗe da bushewa. Damagaram ce babban birnin ƙasa kafin Faransawa su maida shi Yamai a 1926. Ɗanta Mahamane Ousmane, zaɓaɓɓen shugaba, soja suka tuɓe shi a Janairun 1996. An buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, amma garin na fama da ƙarancin ruwa, samari ba aikin yi, wasu sun tare a ƙungiyoyin da ake kira "palais". Ko a Nuwamban 2000, lokacin bikin nunin tufafi na FIMA, an yi tarzoma a Yamai da Maraɗi, an taɓa majami'u da mashaya. Duk wannan ba uzuri ba ne ga kisa, amma mai mulkin da ya san tarihin nan bai kamata Juma'ar ta zo mashi da ba-zata ba.

Yaya jagorori suka yi? Sai ranar Asabar malamai suka fito a talabijin suna kiran a kwantar da hankali, shugaban ƙasa ma a ranar ya yi jawabi. Kenan Damagaram ta riga ta ƙone. Ranar Lahadi 18 ƴan adawa suka fito zanga-zangar da suka shirya tun da farko, wadda aka hana. Aka watsa su da hayaƙi mai sa hawaye, aka kama kusan mutum 90. Daga nan magana ta koma zargin juna tsakanin masu mulki da ƴan adawa, waɗanda aka ƙona wa dukiya suna gefe.

Ku kwatanta da 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbe ɗalibai 3 a gadar Kennedy. Su ma sun ce "mu", amma suna da ƙungiya, USN, da shugabanni sanannu, da buƙatu a fili. Akwai wanda za a zauna da shi, akwai wanda za a tuhuma. Shekara guda bayan nan, a 1991, aka zauna taron ƙasa. Tarzomar 2015 toka ta bari, ba wanda ya fito ya ce ni na kira ta.

Shawarata gare mu ita ce, duk wanda ya tashi a taron ɗalibai ya ce "mu", mu tambaye shi su wa ke ciki, su wa aka bari waje, kuma in abu ya ɓaci gobe, ina za mu same shi.