Yadda Aka Fitar da Amurkawa Shida Daga Tehran a 1980

Ran 4 ga Nuwamba 1979 ɗalibai magoya bayan Ayatullahi Khumaini suka haura katangar ofishin jakadancin Amurka da ke Tehran, suka tsare ma'aikatansa. Abin da ya harzuƙa su shi ne Shugaba Carter ya yardar wa sarkinsu da aka tumɓuke, watau Shah, ya shiga Amurka neman magani. Mutanen Iran kuwa ba su manta da 1953 ba, shekarar da hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, da takwararta ta Ingila suka sa hannu aka kifar da gwamnatin Musaddiq. Mutum 52 suka yi kwana 444 a tsare. Amma akwai wasu shida da hannu bai kai gare su ba, suka yi ta fakewa gida gida har ɗayansu ya buga wa wani jami'in Kanada mai suna John Sheardown waya.

Sheardown ya sauke huɗu a gidansa, Jakada Ken Taylor ya ɗauki biyu. Wannan karamci ba ƙaramar kasada ba ce, gama Yarjejeniyar Vienna ta 1961, wadda ta haramta taɓa jakadu da gidajensu, an riga an keta ta a kan Amurkawa, babu kuma abin da zai hana a keta ta a kan mutanen Kanada. Haka baƙin nan suka zauna a ɓoye fiye da wata biyu. Har wani ɗan jaridar Kanada, Jean Pelletier, ya gano zancen, amma ya riƙe alƙalaminsa sai da suka fita.

Fitar kuwa sai da takardu. Gwamnatin Firayim Minista Joe Clark ta zartar da umarni a asirce, aka ba Amurkawan fasfo na Kanada na ainihi. Saura dalilin da zai kawo mutum shida Tehran a tsakiyar juyin juya hali. An kawo shawarar a ce malaman Turanci ne, aka ga ba za ta karɓu ba. Sai Tony Mendez, gwanin ɓad da kama na CIA, ya ce a mai da su 'yan sinima masu neman wurin ɗaukar hoto, bisa hujjar cewa kowa ya san mutanen Hollywood da wauta irin wannan. Aka buɗe kamfanin ƙarya mai suna Studio Six, da ofis da waya, aka sa wa fim ɗin suna Argo, har aka buga tallarsa a jaridun 'yan sinima domin duk wanda ya bincika ya tarar da shaida.

Duk da haka wani ɗan kuskure ya kusa tona asiri. Iraniyawa suna ƙidaya shekara daga Hijira, amma da lissafin rana, ba na wata ba kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, shekararsu kuma tana kamawa a watan Maris. Masu buga bizar jabu suka rikita kwanan wata, sai wani jami'in ofishin jakadancin Kanada mai karanta Farisanci ya lura, aka gyara kafin tafiya. Hukuma mai kuɗi da ƙwararru, amma idon ma'aikaci guda ne ya cece ta.

A ƙarshen Janairu 1980, da sassafe, Mendez ya bi da su ta filin jirgin sama na Mehrabad, suka hau jirgin Swissair zuwa Zurich. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Nan da nan Taylor ya rufe ofishinsa ya fice da sauran mutanensa, Kanada ba ta sake buɗe shi ba sai 1988. Wata uku bayan haka Carter ya gwada ƙwato sauran da ƙarfin soja. Jirage suka yi karo a hamadar Tabas, sojoji takwas suka mutu, ba a ma isa Tehran ba. Ba a saki mutanen ba sai ran 20 ga Janairu 1981.

An ɓoye hannun CIA a cikin wannan aiki har 1997, domin da farko an ji tsoron a huce a kan waɗanda ke tsare, saboda haka Kanada ta sha yabon ita kaɗai. Da fim ɗin Argo na gaskiya ya fito a 2012 sai ma'auni ya karkata ɗaya gefen: aka ɗaukaka Mendez, aka rage Taylor, Sheardown kuwa ko fitowa bai yi a ciki ba. Carter da kansa ya fito ya ce mafi yawan aikin na mutanen Kanada ne.