Godiya a Fadar Katsina

Tun zamanin da, godiya a birnin Katsina ba ta fatar baki ba ce kaɗai. Wanda aka aiko wa kyauta sai ya ba ɗan aike tukwici, gari na wayewa kuma ya taka da ƙafarsa ya je godiya. Wanda ya ƙi, sunansa butulu, da wuya ya sāke ganin alherin gidan nan.

A Gidan Korau abin ya fi tsari. Zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta cikin 1906, ya rasu cikin 1944, in an naɗa wa mutum rawani sai ya faɗi gaban Sarki, fadawa su ɗauka, "Godiya ya ke, Allah ya ba ka nasara!" Sarki kuwa ba ya amsawa da bakinsa. Dogarai ke cewa, "An gaishe ka!"

Can ƙasar Japan ma mai godiya ya kan sunkuya ya ce "arigato", in sun sāke gamuwa ya maimaita. Sai dai su, wanda aka gode wa shi ma sunkuyawa ya ke yi, yana cewa abin bai kai a gode ba.