Bel ɗin da aka yi wa dusar ƙanƙara: daga garejin Sarkin Rasha zuwa bayan babur

A ƙarshen shekarar 1924 wasu motoci takwas suka ratsa Yamai, suka shiga Damagaram, suka nufi Tafkin Cadi. Ta gaba tayoyi gare su kamar kowace mota, ta baya kuwa bel ne na roba mai juyawa irin na katafila. Kamfanin Citroën na Faransa ne ya turo su ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, kuma tun ranar 28 ga Oktoba suka taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya. Kafin su, wasu biyar irinsu sun bar Touggourt a watan Disamba na 1922, suka isa Tambutu ranar 7 ga Janairu 1923. Wannan bel da ya sha yashin Sahara, asalinsa don dusar ƙanƙara aka ƙera shi.

Mai ƙirar shi ne Adolphe Kégresse, wani Bafaranshe da ke kula da garejin Sarkin Rasha, Nicholas na Biyu. Hunturu na shigowa sai motocin sarki su kafe a cikin dusa. Tsakanin 1906 da 1916 Kégresse ya yi ta gwaji har ya dace: ya cire tayoyin baya ya sa bel, ya ɗaura wa na gaba faffaɗan allon zamiya. Bayan juyin juya halin 1917 ya koma gida ya haɗa kai da André Citroën. Dalilin da ya sa dabarar ta ci a dusa ta kuma ci a yashi guda ne. Taya kan tara nauyi a ɗan ƙaramin wuri sai ta nutse, bel kuwa yana baza nauyin. Duk wanda ya ga raƙumi na tafiya a rairayi da faffaɗan tafinsa, doki na lumewa a bayansa, ya riga ya san karatun.

A Amurka ma masu gareji ne suka fara. Virgil White, dillalin motocin Ford a jihar New Hampshire, ya juya wata Model T a 1913 da allon zamiya gaba da bel a baya, daga bisani ya shiga sayar da kayan juyin daban, mai mota ya saya ya ɗaura da kansa. Likitocin karkara da masu kai wasiƙa su ne manyan masu saye, don su aikinsu ba ya jiran hanya ta buɗe. A Valcourt ta Kanada, ɗan wani bakanike mai suna Joseph-Armand Bombardier ya rasu a hunturun 1934 saboda dusa ta toshe hanyar asibiti. Bakaniken bai huta ba sai da ya fito da motar dusa ta B7 a 1937, sannan ƙaramar Ski-Doo a 1959. Wannan ɓangare na tarihin shi ya fi taɓa ni, domin mun san irin wannan rashi a ƙauyukanmu, inda mai naƙuda kan kwana a gefen rafi ana jiran ruwa ya janye.

Babur ya daɗe bai samu shiga ba. A Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin NSU ya ƙera wa sojojin Jamus Kettenkrad, mai kan babur da taya ɗaya a gaba da bel biyu a baya, ya yi aiki sosai a laka da dusar Rasha, sai dai ya fi kusa da ƙaramar tarakta. Kamfanin Chrysler ya fito da Sno-Runner a 1979, siriri mai ɗan ƙaramin inji, bai yi ƙarko a kasuwa ba.

Wanda ya kai abin ga kasuwa sosai shi ne Allen Mangum na garin Sandpoint a jihar Idaho, wanda a da shi ne mai kamfanin Timbersled. Wajen 2010 ya fara sayar da kayan juyi da ya sa wa suna Mountain Horse. Shi bai ƙera sabon babur ba. Ya lura cewa dubban mutane na da baburan daji da ke zaman banza a gareji tsawon hunturu, sai ya yi musu abin da za su ɗaura. Ana kwance tayar baya da hannun da ke riƙe ta, a sa bel mai haƙoran roba wanda tsawonsa kan kai inci 120 zuwa 137, yana da nasa shokozoba. Sarƙar injin ba ta canja aiki, sai dai maimakon taya, wani ƙarfe take juyawa, shi kuma ya juya bel. A gaba a cire taya a ɗaura allon zamiya guda ɗaya. Da yake abin siriri ne, mahayi kan kwantar da shi a kwana kamar babur, ya bi gefen dutse da tsakanin itatuwa inda motar dusa mai allo biyu ba ta iya kutsawa.

Matsalolin da suka biyo baya kishiyar namu ne. Mu fargabarmu inji ya yi zafi, su tasu ya yi sanyi. Dusa na dukan lagireto, inji ya kasa ɗumama, fetur ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Don haka suke sa na'urar daidaita zafi, har su lulluɓe injin da bargo. Matatar iska ma dusa kan toshe ta, sai an yi mata riga ta musamman. Ga kuma haɗarin zaftarewar dusa daga kan duwatsu, wanda kan binne mahaya. Kamfanin Polaris ya saye Timbersled a 2015, kuma a 2017 aka fara tseren irin waɗannan babura a gasar X Games a Aspen, inda Brock Hoyer ɗan Kanada ya ci zinare. Dabarar da a da take kai likita wurin mara lafiya ta koma kayan wasan masu hali, ana sayen kayan juyin kaɗai da dubban daloli.

Idan muka dawo gida, a Paikon Kore, cikin ƙaramar hukumar Gwagwalada, babu dusa, amma akwai damina. Gari ne na manoma da makiyaya, yana da makiyayar da gwamnati ta keɓe, kuma kamfanin Nestlé ya kafa wurin tarawa da sanyaya madara a can. Madara ba ta jira. Idan aka tatsa da safe a ruga, tilas ta isa wurin sanyi kafin rana ta ɗaga, kuma a watan Agusta hanyoyin cikin daji taɓo ne da kwazazzabai. Haka doya da masara da mara lafiya, duk babur ne ke fito da su bakin titi. Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a 2006, lokacin ministancin Nasir El-Rufai, ake kallon babur a matsayin abin damuwa a birni, alhali a ƙauyukan da ke ciyar da birnin shi ne motar asibiti, shi ne motar kaya.

Su ma bakanikanmu juyi suke yi, ko da ba a rubuta sunayensu ba. Ka tsaya a rumfar mai gyaran babur a bakin kasuwa ka ga Bajaj Boxer da aka ƙara wa shokozoba biyu a baya, mai walda ya tsawaita masa kariya da rodi, an ɗaure gefensa da tsinken tsohon tub don riƙe jarka. A ganina basirar ɗaya ce da ta White da Mangum. Abin da ya raba su shi ne waɗancan sun samu ƙarfe mai kyau da injin sassaƙa shi, da dokar da ta kare musu ƙirƙira, da masu saye da kuɗi a hannu. Ba na jin bel ɗin Timbersled zai yi mana amfani yadda yake, domin jar ƙasa da tsakuwa za su cinye robarsa, allon zamiya kuma ba ya tafiya a busasshiyar hanya, ga shi kuɗinsa ya sayi Boxer da yawa. Abin da ɗan acaɓan ƙauye ke yi idan ya iso wurin caɓi shi ne ya sauka ya rage wa tayar baya iska don ta ƙara faɗi, ya sa giya ta ɗaya, ya sauke ƙafafunsa biyu yana dogarawa har ya haye.