Ginin Duwatsu a Tankin Murjani: Kayansa da Ƙa'idojinsa

Murjanin da muka sani shi ne jan dutsen ado da mata ke ratayawa a wuya. Asalinsa ƙashin wata halittar teku ne, kuma tana da dangi masu yawa. Wasu daga cikin dangin nan ƙananan halittu ne da ke zaune dubbai a manne da juna, suna fitar da sinadarin kalsiyam kabonet, ɗan'uwan alli da farar ƙasa, suna ɗora shi shekara da shekaru har ya zama tsauni a ƙarƙashin ruwa. Akwai irin wannan tsauni a gaɓar Bahar Maliya, kuma da tubalan da aka saro daga jikinsa aka gina tsofaffin gidajen Sawakin a Sudan, tashar da alhazanmu masu tafiya ta ƙasa suka riƙa bi, da na tsohon garin Jidda.

Akwai mutanen da ke kiwon waɗannan halittu da ransu a cikin tankin gilashi mai ruwan gishiri, tare da kifayen da ke zama cikinsu. Kafin a saka ko da kifi ɗaya, sai an gina musu tsaunin da za su zauna. Wannan gini shi ne mafi wuyar gyarawa a cikin dukkan aikin, domin da zarar murjani ya kama dutse ya fara yaɗo, taɓa ginin na nufin karya abin da aka yi shekaru ana reno.

Aikin dutsen ya wuce ado. Kifi na fitar da amoniya, wadda guba ce ko da kaɗan ce. Dutsen murjani kuwa cike yake da ƙananan ramuka kamar soso, kuma a jikinsa ne wasu bakteriya masu amfani ke zama su mayar da amoniya zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Can cikin ramukan, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, wasu bakteriyan na mayar da wani kaso na naitiret ɗin iskar naitirojin, ta fice. Dutsen da aka ɗebo daga teku ɗauke da waɗannan halittu shi ake kira dutse mai rai. Wani mai kiwo a Jakarta ta Indunusiya, Lee Chin Eng, ya bayyana amfaninsa a farkon shekarun 1960, sannan masu sha'awar abin a birnin Balin na Jamus suka inganta dabarar a shekarun 1970, har tsarin ya ɗauki sunan birnin.

Da kasuwa ta buɗe, sai ɗibar ta zama ɓarna. Amurka ta hana kwasar dutse mai rai daga tekun da ke kewaye da Jihar Fulorida a shekarun 1990, Fiji ma, wadda ta daɗe tana kan gaba wajen fitar da shi, ta sanar da haramci a ƙarshen 2017. Cinikinsa tsakanin ƙasashe na buƙatar izini a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Saboda haka yau galibin masu kiwo busasshen dutse suke saya, wanda ake haƙowa a tudu daga tsaunukan murjani na zamanin da, ko wanda kamfanoni ke ƙerawa. A ganina wannan sauyi alheri ne ga mai gini. Dutse mai rai ba ya jure daɗewa a waje, dole a jera shi cikin gaggawa, kuma yakan zo da baƙin da ba a gayyata ba, kamar ƙaguwa mai cin murjani da wata halitta mai harbi da ake kira Aiptasia. Busasshe kuwa sai mutum ya yi mako guda yana juya shi a kan tebur. Kuɗin da ake biya shi ne haƙuri: yakan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin bakteriya su kafu, da watanni na gansakuka mai muni kafin jikinsa ya rufe da launin shunayya na lafiyayyen tanki.

Ba kowane dutse ake sakawa ba. Marmara tana da ƙarfe a jikinta, baƙin dutsen da ake fasawa don kankare kuma ba shi da ramuka, nauyi kawai zai ƙara. Dutsen da ya dace yana da sauƙi a hannu idan aka kwatanta da girmansa, kuma yakan yi kumfa in an ɗiga masa ruwan khal. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kimanin kilo ɗaya ga kowace lita takwas ta ruwa, amma yanzu da yawa suna saka ƙasa da haka sosai.

Dalilin ragewar shi ne ruwa. A da, ana tara duwatsu ne a jingine da gilashin baya kamar katanga. Bayan katangar ruwa ba ya motsi, kashin kifi da ragowar abinci su taru su ruɓe inda hannu ba ya kaiwa. Murjani ba ya tashi ya nemi abinci, igiyar ruwa ce ke kawo masa, ita ce kuma ke kwashe dattinsa. Don haka gini mai kyau yana taɓa ƙasa a wurare kaɗan, yana da ƙofofi da kogunan da ruwa ke ratsawa, waɗanda kuma su ne maɓoyar ƙaramin kifi idan babba ya kore shi. Ana barin tazarar da hannu zai shiga tsakanin dutse da gilashi ta kowane ɓangare, don goge gansakuka. Tsayinsa bai kamata ya wuce rabi zuwa kashi biyu bisa uku na zurfin ruwa ba. Sabon shiga kan ga tankin kamar wayam, ya so ƙarawa, alhali murjani mai rassa irin Acropora, wanda ake dasawa a sama saboda son haske, zai cike wannan sarari ya kuma yi wa na ƙasa inuwa. Sai a tanadi tudu ga masu son haske, da gindi da lungu ga masu son inuwa.

Ana fara aikin ne a wajen tanki. A zana faɗinsa da tsawonsa a kan kwali ko katako, a farfasa manyan duwatsu da guduma, a yi ta gwadawa ana dubawa daga inda za a riƙa zama ana kallo. A tuna cewa ruwa na sa abu ya bayyana kusa, har nisan gaba zuwa baya ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu a ido.

Wajen haɗawa, ƙananan gutsattsari gam mai saurin kamawa irin Super Glue ya ishe su, musamman in an barbaɗa garin dutsen a mahaɗar kafin a ɗiga. Ifoksi mai kama da ƙullu yana cike gurbi amma riƙonsa ba shi da ƙarfi shi kaɗai. Manyan mahaɗai sai siminti mai saurin daskarewa. Wanda ke son bakan gizo ko reshen da ya miƙe ba tare da ginshiƙi ba, sai ya yi abin da maginanmu ke yi da azara a cikin ƙasa: ya huda duwatsun, ya zura sandar roba mai tauri ta ratsa su, sannan ya liƙe. Ba a saka ƙusa ko waya. Ruwan gishiri na cin ƙarfe, jan ƙarfe kuwa ɗan kaɗan ɗinsa na kashe murjani da jatan lande. Kuma gara a yi ginin gida biyu ko uku da za a iya ɗagawa, da a yi dunƙule guda da ba zai shiga bakin tanki ba.

Ana iya ƙera dutsen ma a gida, dabarar da cibiyar GARF ta birnin Boise a Jihar Idaho ta yaɗa a shekarun 1990. Ana kwaɓa awo ɗaya na siminti da kimanin awo biyar na yashin murjani ko dakakken ƙwanson halittun teku, wasu su ƙara gishiri mai tsakuwa wanda zai narke daga baya ya bar ramuka. A zuba kwaɓin cikin ramin da aka siffanta a jiƙaƙƙen yashi, a bar shi kwana ɗaya ko biyu. Daga nan sai jiƙo. Sabon siminti na iya kai ruwa ma'aunin pH 12, alhali tankin murjani 8.1 zuwa 8.4 yake so. Dole a jiƙa dutsen a ruwa marar gishiri ana sauyawa a kai a kai, sau da yawa wata guda zuwa biyu, har sai awo ya nuna ya daina tashi.

Ranar sakawa, dutse ne ke fara sauka a kan gilashin ƙasa, ko a kan faifan roba da aka shimfiɗa, sannan a zuba yashi kewaye da shi. In aka ɗora shi a kan yashi, kifaye da jatan lande masu haƙa rami za su rarake gindinsa, wata rana ya kife ya fasa gilashi. A girgiza kowane sashe da hannu. Wanda ya motsa bai gamu ba.

Mai sayen dutsen da aka taɓa amfani da shi a wani tanki kuma ya yi hattara. Wasu halittu masu kama da furanni, dangin Palythoa, suna ɗauke da dafin falitoksin, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi da aka sani. A 2018 an kai mutum goma asibiti a yankin Oxfordshire na Ingila bayan an kankare irin wannan dutse a cikin gida, dafin ya bi iska. Ba a tafasa tsohon dutse, ba a zuba masa ruwan zafi, kuma ba a goge shi sai da safar hannu da tabarau, a wuri mai iska.