Yadda Ake Gano Matsalar Tsohuwar Kwamfutar Tebur Idan Ta Yi Nauyi

A ofisoshin gwamnati da shagunan 'yan kasuwa da dama, har yanzu kwamfutar tebur ce ke riƙe da takardun aiki, jadawalin albashi, lissafin kaya da sunayen masu bashi. Da yawa daga cikinsu na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP Compaq, waɗanda suka yi shekaru suna aiki a wasu ƙasashe kafin su iso kasuwanninmu. Idan irin wannan kwamfuta ta fara ɗaukar mintoci kafin ta tashi, ko ta riƙa sandarewa a tsakiyar aiki, akan ce tsufa ne kawai. Sau da yawa ba haka ba ne. Nauyin kwamfuta yana da dalilai sanannu, kuma akasarinsu ana iya gano su ba tare da an kashe ko kwabo ba.

A fara da kwashe bayanai

Matakin farko shi ne a kwafe duk muhimman fayiloli zuwa filash ko wani rumbun ajiya na waje. Dalili kuwa shi ne, ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo nauyi shi ne rumbun ajiyar da ya kusa mutuwa, kuma wahalar bincike da gyara na iya ƙarasa shi. Ana iya sayen sabuwar kwamfuta, amma littafin bashin shekara biyar da ya salwanta ba ya dawowa cikin sauƙi. Bayan an kwafe, a buɗe wasu daga cikin fayilolin a wata kwamfutar domin a tabbatar sun kwafu lafiya.

Gano inda cikas yake

Windows na da wata manhaja mai suna Task Manager wadda ke nuna abin da ke gudana a cikin kwamfuta. Ana buɗe ta ta hanyar danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda. A Windows 10 za a ga ginshiƙai uku masu muhimmanci: CPU, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, Memory, wato RAM, inda ake ɗora aikin da ake kai a halin yanzu, da Disk, wato rumbun ajiya. Kowanne yana nuna kaso cikin ɗari na yadda ake amfani da shi.

A buɗe manhajar a daidai lokacin da kwamfutar ke nauyi. Ginshiƙin da ya tsaya kusa da kashi 100 na tsawon lokaci shi ne inda matsalar take. Idan aka danna kan ginshiƙin, manhajojin za su jeru daga wadda ta fi ci zuwa wadda ba ta cin komai. Wannan duba na minti biyu yana hana sayen kayan gyaran da ba a buƙata.

Manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta

Manhajoji da yawa kan sanya kansu cikin jerin masu tashi da zarar an kunna kwamfuta, ko da mai ita bai nema ba. Bayan shekaru, sai jerin ya yi tsawo, kowace tana cin rabonta na RAM. A sashen Startup na Task Manager ana iya dakatar da waɗanda ba a buƙata nan take. Dakatarwar ba ta goge manhajar, tana hana ta tashi da kanta ne kawai. Sai dai a bar manhajar tsaro da waɗanda ke kula da sauti ko na'urar buga takardu.

Waɗanda aka daina amfani da su gaba ɗaya kuwa, gara a cire su. Haka nan a guji sanya manhajojin kariya biyu a kwamfuta ɗaya, domin sukan yi ta binciken juna har aiki ya tsaya.

Ƙarancin RAM

Idan RAM ta cika, Windows kan koma ajiye ragowar aikin a rumbun ajiya, wanda ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba. Alamar hakan ita ce kwamfuta ta yi sauri da farko, amma ta fara jan ƙafa da zarar an buɗe shafukan intanet da yawa tare da Word ko Excel. Manhajojin shiga intanet na yanzu, irin su Chrome, suna cin RAM sosai. Gigabait 2 ba ya wadatar da aikin yau, gigabait 4 na iya ɗaukar aiki mara nauyi, gigabait 8 kuwa ya fi dacewa da aikin ofis.

Kafin a sayi ƙari, akwai abubuwa uku da ya kamata a tabbatar. Na farko, nau'in RAM: DDR2 da DDR3 da DDR4 ba sa shiga gurbin juna, don haka a tafi kasuwa da lambar samfurin kwamfutar ko da tsohuwar RAM ɗin a hannu. Na biyu, iyakar abin da kwamfutar za ta iya ɗauka da yawan guraben da ke cikinta. Na uku, nau'in Windows: mai 32-bit ba ya iya amfani da fiye da kimanin gigabait 4, komai yawan da aka saka, sai an koma mai 64-bit.

Rumbun ajiya

Tsofaffin kwamfutoci na amfani da rumbun HDD, wanda a cikinsa akwai faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da allura mai karanta bayanai. Tunda sassa ne masu motsi, suna lalacewa da tsufa. Alamomin lalacewa sun haɗa da ƙarar ƙwas-ƙwas daga cikin akwatin, fayiloli masu ƙin buɗewa, da ginshiƙin Disk da ke maƙalewa a kashi 100 alhali ba a aikin komai. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana karanta rahoton lafiyar rumbun. Idan ta nuna gargaɗi, ba a jiran gobe, a sauya shi.

Idan lafiyarsa ƙalau amma ya cika, a rage masa kaya. Disk Cleanup na share tarkacen fayilolin wucin gadi, kuma yana da kyau a bar aƙalla kashi 15 cikin ɗari na rumbun a sarari.

Gyaran da ya fi kowanne tasiri ga tsohuwar kwamfuta shi ne maye gurbin HDD da SSD. Shi SSD ba shi da sassa masu motsi, kuma nau'insa mai shiga mahaɗar SATA yana karanta kimanin megabait 500 a daƙiƙa, ninki uku zuwa biyar na abin da tsohon faifai ke yi. Kwamfutar da ke ɗaukar mintoci kafin ta tashi kan koma tashi cikin ƙasa da minti ɗaya. Ana samun sa a manyan kasuwannin kayan kwamfuta kamar Farm Centre a Kano, Banex a Abuja da Computer Village a Ikeja. Idan na hannu ne, a nemi a gwada lafiyarsa a gaban mai saye.

Ƙura da zafi

A Arewa, ƙurar hunturu da zafin bazara manyan abokan gabar kwamfuta ne. Fanka na zuƙo iska domin sanyaya ƙwaƙwalwar, tare da iskar kuma ƙura ke shiga ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ɗauke zafi. Idan zafin ƙwaƙwalwar ya doshi digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, takan rage gudunta da kanta domin kada ta ƙone. Alamar ita ce fanka mai ruri ba ƙaƙƙautawa, kwamfuta mai aiki lafiya da safe amma ta yi nauyi da rana, ko kuma ta mutu da kanta.

Maganin shi ne a kashe kwamfutar, a zare wayar wuta, a buɗe murfin gefe, a hure ƙurar da abin hura iska a waje. A riƙe fankar da yatsa yayin hurawa, kada ta yi ta juyawa. Kada a yi amfani da ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma, kuma kada a buɗe akwatin da ke rarraba wuta, domin yana iya riƙe caji ko bayan an zare shi. Idan kwamfutar ta daɗe, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya kan bushe, sai mai gyara ya goge ya shafa sabo. A kuma ɗaga akwatin daga ƙasa, a matsar da shi daga jikin bango.

Ƙwayoyin cuta

Filash ɗin da ke yawo tsakanin ofis da shagunan buga takardu na daga cikin manyan hanyoyin yaɗa ƙwayoyin cutar kwamfuta. Haka ma manhajojin sata da ake saukewa kyauta. Wasu ƙwayoyin na ɓoye fayiloli su bar gajerun alamomi a madadinsu, wasu kuma na amfani da ƙarfin kwamfutar a ɓoye wajen haƙar kuɗin kirifto. Idan CPU na nuna aiki mai yawa alhali ba a buɗe komai ba, a yi cikakken bincike da Microsoft Defender, wanda ke zuwa tare da Windows 10, bayan an sabunta shi.

Wutar lantarki

Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na lalata fayilolin Windows, tana kuma cutar da rumbun ajiya. Hawa da saukar wuta, musamman ta ƙaramin janareta, na gajiyar da sassan ciki. Na'urar UPS tana ba da 'yan mintocin da za a adana aiki a kashe kwamfuta yadda ya kamata. Idan kuma kwanan wata da agogo na komawa baya duk lokacin da aka kunna, ƙaramin batirin ciki mai lamba CR2032 ne ya mutu, kuma agogon da ba daidai ba kan hana shafukan intanet buɗewa.

Lokacin da gyara ba ya biyan kuɗinsa

Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a watan Afrilun 2014, Windows 7 a ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 na buƙatar aƙalla gigabait 4 na RAM, gigabait 64 na wurin ajiya da guntun tsaro na TPM 2.0, abin da yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. Kwamfutar da ba ta samun sabuntawar tsaro na iya ci gaba da buga takardu, amma akwai haɗari a yi hulɗar banki da ita. Mai son ci gaba da amfani da ita a intanet na iya sanya mata Linux Mint ko Lubuntu, waɗanda kyauta ne kuma ba su da nauyi.

Ma'aikacin gwamnati ya tuna cewa kwamfutar ofis dukiyar hukuma ce, don haka sashen kula da kwamfutoci ne ya kamata ya buɗe ta ko ya sauya mata kaya. Ɗan kasuwa kuwa ya haɗa kuɗin SSD da RAM da ladan mai gyara, ya kwatanta da farashin wata ta hannu wadda ta fi tasa sabunta. Idan ya yanke shawarar sayar da tsohuwar, ya cire rumbun ajiyarta ko ya sa a goge shi sarai, domin fayilolin da aka share ta hanyar da aka saba ana iya dawo da su.