Fatalwar Ingila da kwatas ɗin reluwe na Kafanchan

Masu zuwa yawon buɗe ido Kajuru, don Allah a daina tambayar ko akwai fatalwa a ginin nan na kan dutse. Wani Bajamushe ne, Gerhard Huebner, ya gina shi a shekarun 1980. Malamanmu da yawa sun girme shi. Kamannin tsofaffin gidajen sarautar Turai kawai ya aro.

Su can Ingila, fatalwarsu har suna da dangi gare ta. A gidan Raynham Hall da ke Norfolk, ana cewa Dorothy Walpole, ƙanwar firaministan Birtaniya na farko, wadda ta rasu a 1726, tana saukowa daga bene sanye da riga mai ruwan ƙasa. Mujallar Country Life ma ta buga hotonta a 1936, kodayake da yawa na ganin aikin kyamara ne. Ni ban yarda da fatalwar ba, amma ku lura: almarar ta adana sunan matar da tarihin gidan kusan shekara ɗari uku.

Mu fa? Musulminmu da Kiristanmu, mun tafi a kan cewa wanda ya mutu ya tafi kenan. In gida ya zama kango, sai a ce aljanu sun tare, kowa ya canza hanya. Shi kuwa aljani ba shi da shekarar haihuwa, ba wanda zai bi sawunsa har ya gano wa ya taɓa zama a gidan.

Shi ya sa kwatas ɗin reluwe na Kafanchan ke damuna. Garin ya zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, inda layin Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya Kaduna, ɗaya Jos. Jirgin ne ya cika garin har hedikwatar masarautar Jama'a ta dawo nan a 1933. Ibo, Yarabawa, Hausawa da 'yan ƙasa duk sun ci abinci a tashar nan, kuma rikicin 1966 ya sa iyalai da dama suka bar gidajensu a gaggauce. Su wa ke ciki? Su wa suka dawo?

Masu neman taken furojet a sashen tarihi, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa yana nan a Kaduna, kuma akwai sauran 'yan fanshon reluwe a Kafanchan. Sai dai sun manyanta sosai.